TARIHI: August von Mackensen, jarumin Jamus mai hular ƙoƙon kai wanda ya ƙare a matsayin adon tarukan Hitler

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da wuya a ce bai ci karo da wannan hoto ba. Wani dattijo ne mai furfura, sanye da baƙar riga wadda aka jera wa igiyoyin ado a ƙirji, lambobin yabo sun cika masa wuya da gaba. Gashin bakinsa ya murɗe sama, gashin girarsa ya yi kauri ya rufo idanu, idanun kuwa a kafe suke kamar na shahon da ya hango ɗan tsako. A kansa akwai doguwar hula ta fata mai gashi, a goshin hular kuma an manna siffar ƙoƙon kan mutum ta ƙarfe, da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ko wanda bai san sunansa ba, yana ganinsa zai ce wannan mutum bai san wasa ba.

Mai hoton shi ne Fil Mashal August von Mackensen, ɗaya daga cikin kwamandojin Jamus da suka fi samun nasara a yaƙin 1914 zuwa 1918. Ya rayu shekara 95, ya ga mulki iri shida a ƙasarsa, kuma wannan hula ta bi shi tun yana saurayi har zuwa tsufansa. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma rayuwar Mackensen ta nuna cewa fuskar da aka shirya domin mai ɗaukar hoto ba kowace tambaya take amsawa ba. Kwarjinin da ke cikin hoton nan ginanne ne, kuma masu mulki biyu sun ci moriyarsa, na farko sarkin da ya ƙaunata, na biyu kuma Adolf Hitler.

Ɗan wakilin gona

An haifi Mackensen ranar 6 ga Disamba, 1849, a wani gidan gona da ake kira Haus Leipnitz, kusa da ƙauyen Dahlenberg, a lardin Saxony na masarautar Furushiya, wato masarautar da daga baya ta haɗa kan Jamus ta zama daula guda a 1871. Mahaifinsa, Ludwig Mackensen, wakili ne mai kula da gonakin masu ƙasa. Gidansu ba na sarauta ba ne, a zamanin da kusan dukkan manyan muƙaman soja a Furushiya suke hannun 'ya'yan gidajen sarauta, waɗanda ake gane su da kalmar von a gaban sunan zuriyarsu.

Burin mahaifin shi ne ɗansa ya gaje shi a harkar noma, don haka bayan ya yi makaranta a Torgau da Halle sai aka sa shi koyon aikin gona. Abin mamaki, saurayin da zai zama alamar ƙarfin sojan Jamus sai da aka fara ƙin ɗaukarsa aikin soja saboda raunin jiki. A 1869 ne aka amince da lafiyarsa, ya shiga runduna ta biyu ta baraden sarki, waɗanda ake kira husar, a matsayin ɗan sa-kai na shekara guda. Shekara na zagayowa yaƙi ya ɓarke tsakanin Furushiya da Faransa. Mackensen ya yi fice a aikin sintiri da leƙen asirin abokan gaba, aka ba shi lambar Gicciyen Ƙarfe, aka kuma ɗaga shi zuwa ƙaramin hafsa.

Da yaƙi ya ƙare ya bi umarnin mahaifinsa, ya shiga Jami'ar Halle yana karatun noma, amma hankalinsa na bariki. A 1873 ya ajiye karatun ya koma rundunarsa, daga nan kuma bai sake waiwayar garma ba. A 1879 ya auri Dorothea von Horn, 'yar gwamnan lardin Furushiya ta Gabas, auren da ya buɗe masa ƙofofin manyan gidaje waɗanda ɗan wakilin gona ba ya shiga da kansa.

Asalin hular

Ƙoƙon kan da ke goshin hularsa ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Alamar runduna ce da ta girme shi da fiye da shekara ɗari. Tun a 1741, zamanin Sarki Frederick Mai Girma, aka kafa wata rundunar barade a Furushiya masu sa baƙaƙen kaya da wannan alama a hula. Husar mahaya ne marasa nauyin kaya, aikinsu sintiri da kai farmakin ba-zata da bin sawun abokan gaba idan sun juya baya. Alamar tana nufin cewa mai ɗauke da ita ya sallama ransa ga sarkinsa. Kowane soja a rundunonin biyu da suka gaji waccan ta farko yana sa ta, daga kanar har zuwa kurtun da ya shigo jiya.

Har ma akwai hotunan Gimbiya Viktoria Luise, 'yar Kaisar Wilhelm na Biyu, sanye da irin wannan hula da irin wannan riga, domin an naɗa ta shugabar girmamawa ta ɗaya daga cikin rundunonin. A kan budurwa mai fara'a hular ta zama ado kawai. A kan dattijo mai gira da gashin baki kuwa sai ta zama abin tsoro.

Mackensen ya fahimci darajar wannan tarihi fiye da kowa, domin shi da kansa ya rubuta shi. A 1892 ya wallafa littafi a kan tarihin baƙaƙen baraden nan. A lokacin yana aiki a matsayin dogarin Alfred von Schlieffen, shugaban majalisar tsare-tsaren sojan Jamus, majalisar da ya shiga ba tare da ya bi ta makarantar koyon dabarun yaƙi ba kamar yadda aka saba. A 1893 aka ba shi riƙon runduna ta ɗaya ta baraden a Danzig, birnin da yanzu yake ƙasar Polan da sunan Gdansk. Da ya bar muƙamin a 1898 sai aka yi masa alfarmar ci gaba da sa kayan rundunar duk inda girma ya kai shi. Wannan alfarma ce ta sa ake ganin janar, daga baya Fil Mashal, cikin kayan da ya kamata a ce ya tuɓe tun yana kanar.

A fadar Kaisar

Wilhelm na Biyu mutum ne mai son kayan soja da fareti da duk wani abin da ke cika ido. Yakan sauya kayan sarki sau da yawa a yini, kuma salon gashin bakinsa mai tsini sama, wanda wanzaminsa François Haby yake gyara masa, ya zama abin kwaikwayo a ƙasar baki ɗaya. Hafsa dogo mai iya zaman sirdi, mai ladabin fada, wanda kuma ya san labaran yaƙe-yaƙen kakannin sarki, dole ya shiga ransa. A 1898 ya ɗauki Mackensen cikin dogaransa, kuma a wannan shekara ya tafi da shi ziyarar da ya kai Daular Usmaniyya, wadda ta kai su har birnin Ƙudus. Ranar 27 ga Janairu, 1899, ranar da Kaisar ya cika shekara 40, ya shigar da shi sahun masu sarauta. Daga ranar ɗan wakilin gona ya zama von Mackensen.

Girma ya ci gaba da zuwa. A 1903 ya zama kwamandan runduna ta 36 a Danzig, a 1908 kuma aka ba shi babbar runduna ta 17. Matarsa ta mutu a 1905, ya sake aure a 1908 da Leonie von der Osten. Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da fara'a da iya hulɗa da riƙo da addininsa na Kirista, da kuma biyayya ga mahaifiyarsa, wadda ta rayu har ta ga ɗanta ya kai ƙololuwar muƙamin soja kafin ta mutu a 1916. Wannan ɓangare na halinsa ba ya fitowa a hoto, domin ba don shi ake ɗaukar hoton ba.

Yadda ake gina kwarjini

Mackensen ba shi kaɗai ba ne mai ban tsoro a hotunan wancan zamani. Paul von Hindenburg yana da faffaɗan kai da gashi a tsaye kamar buroshi. Erich Ludendorff kullum fuskarsa a murtuke take. A Birtaniya, gashin bakin Lord Kitchener da yatsansa mai nuna mai kallo su ne suka cika takardar neman sojoji ta 1914. Akwai dalilan da suka sa fuskokin nan suka yi kama da juna.

Na farko al'ada ce da hoto ya gada daga zanen hannu. A Turai ta wancan lokaci babban mutum ba ya bari a zana shi yana dariya, domin ana ganin washe haƙora a bainar jama'a alamar rashin kamun kai ce. Na'urorin ɗaukar hoto na farko kuma sai mutum ya daɗe a sandare kafin su kama siffarsa, kuma ko da aka samu masu sauri, ɗabi'ar tsayuwa ƙiƙam ta riga ta zauna. Na biyu, hoto mai baƙi da fari yana ƙara wa inuwa duhu, sai ramin ido ya zurfafa, tamoji su fito raɗau. Na uku, kayan da kansu suna tilasta wa jiki wata irin tsayuwa: wuyan rigar mai tsawo ne kuma mai tauri, dole haɓa ta ɗaga, ƙirji ya turo. Mai hoto kuma yakan tsara haske da zama yadda yake so, ya kuma gyara hoton da hannu kafin ya wanke.

Dalili mafi girma shi ne gwamnati tana bukatar waɗannan fuskoki. Yaƙin ya zama na ramuka da waya mai ƙaya da manyan bindigogi, inda soja ke mutuwa bai ga wanda ya kashe shi ba. Irin wannan yaƙi ba shi da fuskar da za a nuna wa uwar da aka ɗauke wa ɗa ko ɗan kasuwar da ake roƙo ya ba gwamnati rance. Sai aka cika ƙasa da katunan wasiƙa masu hotunan janar-janar, ana sayarwa a kantuna, ana liƙawa a bangon ɗaki. A 1915 aka kafa gunkin Hindenburg na katako a Berlin, tsayinsa ya haura mita 12, mutane na biyan kuɗi su buga masa ƙusa domin tallafa wa asusun yaƙi. A 1917 aka saka wa wani katafaren jirgin ruwan yaƙi sunan Mackensen, jirgin da har yaƙin ya ƙare ba a kammala shi ba. Sojojin da ke cikin ramuka kuwa kaya masu ruwan toka suke sawa domin su saje da ƙasa, kuma daga 1916 hular kwano ta maye gurbin hulunan ado.

Daga kunya zuwa ɗaukaka

Karonsa na farko a babban yaƙin bai yi daɗi ba. Ranar 20 ga Agusta, 1914, a Gumbinnen da ke Furushiya ta Gabas, ya tura rundunarsa gaba-gaɗi a kan sojojin Rasha waɗanda suka riga suka haƙa ramuka suka saita bindigoginsu. Cikin 'yan sa'o'i ya yi asarar mutum kimanin 8,000, tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, wasu rukunonin kuma suka watse da gudu. Salon barade na afka wa abokin gaba da ƙarfin zuciya ya haɗu da bindiga mai jigida, ya kuwa sha kashi. Mako guda bayan haka rundunar tasa ta wanke kanta a Tannenberg, inda ta yi doguwar tafiya a ƙasa ta taimaka wajen yi wa runduna ta biyu ta Rasha ƙawanya.

A watan Nuwamba aka ba shi Runduna ta Tara, ya yi yaƙin Lodz a Polan, aka kuma ba shi lambar yabo mafi daraja ta Furushiya. A ƙarƙashinsa ne, a ƙarshen Janairun 1915, Jamus ta harba dubban harsasai masu ɗauke da iska mai guba a kan Rashawa a Bolimow. Tsananin sanyi ya hana gubar tashi, harin bai yi tasiri ba, amma yana cikin gwaje-gwajen farko na makamin da ya zama abin ƙyama a wannan yaƙi.

Sunansa ya kai ko'ina a watan Mayun 1915. An ba shi sabuwar Runduna ta 11, tare da Hans von Seeckt a matsayin babban hafsan tsare-tsarensa, aka aike su su ceci Ostiriya-Hungari wadda Rasha ta kusa durƙusarwa. A asirce aka kwaso sojoji da manyan bindigogi ta jirgin ƙasa aka jibge su tsakanin garuruwan Gorlice da Tarnow. Da safiyar 2 ga Mayu aka yi sa'o'i huɗu ana ruwan wuta a kan ramukan Rashawa, waɗanda ba su da zurfi, masu su kuma suna fama da ƙarancin harsasai. Layin ya karye. A farkon Yuni aka ƙwato sansanin Przemysl, ranar 22 ga watan kuma aka shiga Lemberg, birnin da yanzu ake kira Lviv a Yukiren. A ranar aka naɗa Mackensen Fil Mashal. Kafin bazarar ta wuce Rasha ta rasa Polan gaba ɗaya.

Babu doki ko takobi a wannan nasara. Jadawalin jiragen ƙasa da lissafin harsasai da tsarin Seeckt su suka kawo ta. Seeckt mutum ne shiru-shiru mai gilashin ido ɗaya, kuma a cikin sojan Jamus kowa ya san rabonsa a aikin. Duk da haka ba adalci ba ne a ce Mackensen ɗan kallo ne. Ya iya zaɓen mataimaka ya kuma bar su su yi aikinsu, ya iya yanke shawara ba tare da jan ƙafa ba, sannan ladabin fadar da ya koya ya ba shi damar riƙe sojojin ƙasashe dabam-dabam a inuwa guda, abin da ya gagari janar-janar da yawa masu zafin kai.

Sabiya da Romaniya

A watan Oktoban 1915 aka ɗora shi a kan sojojin Jamus da Ostiriya-Hungari da Bulgeriya domin murƙushe Sabiya, ƙaramar ƙasar da ta kori Ostiriya har sau da dama a shekarar da ta gabata. Suka ƙetare kogunan Danube da Sava, Belgrade ta faɗi ranar 9 ga Oktoba. Ragowar sojojin Sabiya da ɗimbin fararen hula suka bi ta duwatsun Albaniya cikin tsananin hunturu, dubun-dubata suka mutu da yunwa da sanyi da cuta. Mackensen ya sa aka gina dutsen tunawa a Belgrade domin girmama sojojin Sabiya da suka mutu suna kare birninsu, kuma har yau ana tuna masa wannan karamci a can.

Da Romaniya ta shiga yaƙin a ɓangaren abokan gaban Jamus a watan Agustan 1916, sai aka sake kiransa. Da rundunar da ta haɗa Bulgeriyawa da Turkawa da Jamusawa ya kama sansanin Turtucaia a watan Satumba, da tashar jiragen ruwa ta Constanta a Oktoba, ya ƙetare Danube a Nuwamba, yayin da Janar Erich von Falkenhayn ya gangaro daga arewa. Ranar 6 ga Disamba, ranar da ya cika shekara 67, ya shiga Bukares. A Janairun 1917 aka ba shi Babban Gicciyen Ƙarfe, lambar da mutum biyar kacal suka samu a duk tsawon yaƙin.

Daga nan ya zama mai mulkin soja a yankin Romaniya da aka mamaye, inda aikinsa ya koma kwashe alkama da man fetur zuwa Jamus yayin da mutanen ƙasar ke cikin ƙunci. A watan Agustan 1917 ya yi yunƙurin gamawa da sauran ƙasar, amma sojojin Romaniya da na Rasha suka tare shi a Marasesti. Wannan ne babban yaƙinsa na ƙarshe.

Bayan rushewar daula

A watan Nuwamban 1918 Jamus ta miƙa wuya, Kaisar ya gudu Holan, aka kafa jamhuriya. Mackensen ya jagoranci sojojinsa suka nufi gida ta Hungari, a can aka tsare shi, daga baya Faransawa suka riƙe shi a Salonika ta ƙasar Girka har ƙarshen 1919. A 1920 ya yi ritaya yana da shekara 70.

Bai taɓa amincewa da jamhuriyar ba. Ya rungumi ƙaryar da ta yaɗu a lokacin, cewa ba a ci sojan Jamus da yaƙi ba, 'yan siyasa ne a gida suka ci amanarsa. Da 'yan ta'adda masu tsattsauran ra'ayin ƙasa suka kashe Matthias Erzberger a 1921, wato ɗan siyasar da ya sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta, Mackensen bai ɓoye gamsuwarsa ba. Ya riƙa zagaya tarukan tsofaffin sojoji cikin baƙaƙen kayansa da hularsa, duk da cewa an riga an rusa rundunonin da suka mallaki kayan. Ga miliyoyin Jamusawa da ke cikin talauci da takaicin shan kaye, ganin wannan dattijo tamkar ganin tsohuwar daular ce tana tafiya da ƙafafunta.

A inuwar Hitler

'Yan Nazi sun gane amfanin wannan siffa tun da wuri. Hitler tsohon kofur ne, jam'iyyarsa kuma an san ta da 'yan daban titi, don haka yana bukatar manyan tsohuwar daula su tsaya kusa da shi domin jama'a su ga kamar shi ne magajinsu. Ranar 21 ga Maris, 1933, a babban bikin da aka shirya a Potsdam domin nuna haɗuwar tsohuwar Jamus da sabuwa, Mackensen yana sahun gaba da hularsa. A wannan shekara Hermann Göring ya naɗa shi ɗan majalisar shawara ta Furushiya. Bayan mutuwar Hindenburg a 1934, kusan babu wani babban taron soja da ba a gan shi a dandamali ba, har masu ba'a suka riƙa kamanta shi da kayan adon da ake ɗorawa a tsakiyar teburin biki. Dakarun SS kuma, waɗanda suka tsare sansanonin gwale-gwale, sun riga sun ari baƙaƙen kaya da alamar ƙoƙon kai, domin su jingina kansu da martabar tsofaffin barade.

A 1935 Hitler ya ba shi kyautar gandun Brüssow a arewacin Berlin, mai faɗin fiye da hekta 1,200. Ɗan wakilin gona ya zama mai gandun kansa yana da shekara 85. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Ba za a ce bai ga ɓarnar ba, kuma ba za a ce bai taɓa buɗe baki ba. Da aka kashe Janar Kurt von Schleicher, tsohon shugaban gwamnati, tare da matarsa a gidansu ranar 30 ga Yuni, 1934, aka kuma kashe Janar Ferdinand von Bredow, Mackensen ya yi ta fafutukar a wanke sunayensu daga zargin cin amanar ƙasa. Ya sa baki domin limaman cocin da suka ƙi miƙa wuya ga gwamnati. A watan Fabrairun 1940 ya rubuta wa babban kwamandan sojan ƙasa, Walther von Brauchitsch, yana kokawa a kan ta'asar da ake yi a Polan da aka mamaye. Sai dai duk waɗannan koke-koke sun tsaya a wasiƙa da ganawar sirri, kuma abin da ya fi damunsa a cikinsu shi ne mutuncin soja da na coci. Bai fito ya tsaya wa Yahudawan da ake zalunta a gabansa ba, bai mayar da gandun ba, bai kuma daina hawa dandamali ba. Ya ci gaba da ɗaukar cewa laifin na 'yan jam'iyya ne, shugaban kansa ba ya ciki. A Disamban 1939, watanni uku bayan an afka wa Polan, Hitler ya je har Brüssow ya taya shi murnar cika shekara 90.

Sau ɗaya ya nuna inda zuciyarsa take a fili. A watan Yunin 1941, yana da shekara 91, ya yi tafiya zuwa Doorn a Holan domin jana'izar Wilhelm na Biyu, sarkin da ya ɗaga shi daga talaka zuwa basarake. Amma da wasu hafsoshi suka yi yunƙurin kashe Hitler ranar 20 ga Yuli, 1944, waɗanda da yawansu 'ya'yan irin gidajen da ya yi rayuwarsa yana girmamawa ne, sai ya la'anci yunƙurin. A ƙarshen wannan shekara, lokacin da kowa ya san an riga an sha kaye, an yi amfani da sunansa wajen kiran matasan Jamus su sadaukar da rayukansu. 'Ya'yansa biyu ma sun yi wa gwamnatin aiki: Hans Georg ya zama jakada a Roma, Eberhard kuma ya zama janar, wanda bayan yaƙi kotun sojan Birtaniya ta same shi da laifi a kan kisan mutum 335 da aka yi a kogunan Ardeatine na Roma a Maris 1944.

Ƙarshensa

A farkon 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka doso gabashin Jamus. Mutumin da ya kori Rashawa daga Gorlice shekara 30 da suka wuce ya tattara abin da zai iya ɗauka ya gudu yamma tare da matarsa, cikin miliyoyin 'yan gudun hijira. Ya mutu ranar 8 ga Nuwamba, 1945, a Burghorn kusa da garin Celle, a yankin da sojojin Birtaniya ke mulki, saura wata guda ya cika shekara 96, saura kwana 12 kuma a buɗe shari'ar manyan 'yan Nazi a Nuremberg. A Celle aka binne shi. An haife shi a masarautar Furushiya, ya ga Tarayyar Arewacin Jamus, da daular Kaisar, da jamhuriya, da mulkin Nazi, da mulkin mamaya. A 1947 ƙasashen da suka ci yaƙi suka soke Furushiya kanta daga taswira.

Masana tarihin soja har yau suna sa shi cikin ƙwararrun kwamandojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma jarumtarsa a fagen fama tun yana saurayi ba abin musu ba ce. Abin da ya gagare shi shi ne irin ƙarfin halin da ake bukata a gaban mai mulki. Yana cikin 'yan tsirarun mutanen da girmansu da shekarunsu suka sa zai yi wa Hitler wuya ya taɓa su, kuma abu guda da yake da shi wanda gwamnatin ke matuƙar so shi ne siffarsa a dandamali. Da ya ga dama da ya hana su ita, ya zauna a gida ya rataye hular, amma ya ci gaba da sa ta yana zuwa duk inda aka gayyace shi.

Hoton ya fi mai shi daɗewa a duniya, kuma yana ci gaba da yi wa masu kallo irin aikin da aka ɗauke shi ya yi a 1915. Mutanen da suka faɗi a Gumbinnen da Gorlice da duwatsun Albaniya, mafi yawansu manoma ne irin waɗanda mahaifinsa ya yi rayuwarsa yana kula da aikinsu, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka bar hoton da za a tuna su da shi.